Pepiniyar ɗin Baba na bakin Mayo Kaliao, da yadda ya ceto min dashena

Salam 'yan uwa. Na daɗe ina so in rubuta wannan tun watan Disamba amma hidimar gida da ta yara bata barni ba, sai jiya da wata maƙwabciyata ta shigo min da gwangwanin tumatir ɗinta duk sun kwanta tana cewa wai maita ce ko bakin mutane, shine nace a'a bari dai in zauna in rubuta abin da ya faru dani, ƙila wani ya amfana.

Ni a Marwa ta Kamaru nake, unguwar Domayo, gidan haya ne kuma tsakar gidan namu ne mu uku, akwai kaji akwai awaki biyu na matar mai gidan hayar, to kun san ba yadda za ayi ka ajiye ɗanyen tsiro a waje ya kwana. Shi yasa da na yanke shawarar in yi ɗan lambu a bayan ɗaki a inda maigida ya kewaye min da zana, sai nace dashen a cikin ɗaki zan rene shi har ya yi ƙwari. Farkon Oktoba na sayi iri, tumatir Rio Grande sashe ɗaya, wato 'yar ledar iri, attarugu, da salak kaɗan. Na tara gwangwanayen tumatir da robobin yawur, na ɗebo ƙasa a bayan gida, baƙar ƙasa mai kyan gani wallahi, na haɗa da kashin awaki da na share a tsakar gida, na shuka na jera su a ƙasan taga.

Kwana shida tumatir ya fito, murna kamar me. Kwana goma sha biyu sai na tashi da safe naga uku sun kwanta. Ba bushewa suka yi ba fa, ganyen kore shar, amma daidai wuyan inda karan ya haɗu da ƙasa ya tsuke ya zama kamar zare, kamar an matse shi da farce. Washegari biyar. Kafin sati ya zagayo gwangwani goma sha takwas saura huɗu, su ma sun yi tsawo sun rame sun karkata wajen taga, fari-fari kamar marasa jini. Na sake shukawa karo na biyu, wannan karon na ƙara ruwa don ina ganin ƙishi ne ke kashe su tunda da rana sai suyi yaushi, safe da rana da yamma nake zubawa, har na barbaɗa musu 'yan ƙwayoyin angire, wato takin zamani, 20-10-10 da na samu wajen ƙanin maigida. Waɗannan ko sati biyu basu kai ba. Raina ya ɓaci sosai, don ba kuɗin irin kaɗai ba, lokaci ne ke wucewa kuma duk wanda ya san Marwa ya san in ka rasa Nuwamba zuwa Fabrairu to tumatir sai wata shekara, zafin Maris da Afrilu da ke haura digiri 40 ba ya barin fure ya zauna.

Maigida ne yace akwai wani dattijo mai pepiniyar, wato wurin renon dashe, a bakin kogin Mayo Kaliao, yana wucewa ta wajen kullum a kan moto, yana ganin mangwaro da lemo da gwaiba a cikin baƙaƙen leda jere a ƙarƙashin darbejiya. Wajen bashi da allo bashi da suna, kowa Baba yake ce masa. Na ɗauki gwangwani biyu, ɗaya wanda ya mutu ɗaya wanda ke shirin mutuwa, na saka a bokiti muka tafi ranar Asabar da safe.

Abu na farko da ya burge ni, bai fara da tallan kayansa ba. Na saba in ka shiga butik ɗin masu kayan noma kace shukarka bata da lafiya, kafin ka rufe baki an miƙo maka kwalbar magani. Shi kuwa bayan mun gaisa, Hausarsa tana gauraye da Fulatanci amma muna fahimtar juna sarai, sai ya karɓi gwangwanin ya ɗaga shi a tafin hannu kamar mai awo, yace 'yata yaushe kika ba shi ruwa? Nace jiya da yamma Baba. Yace ji nauyinsa. Ya juya gwangwanin ya duba gindi, huda ɗaya ce tak da na yi da ƙusa, ita ma laka ta toshe ta. Ya kife shi a kan wani katako, ƙasar ta fito dunƙule guda kamar tuwon da ya kwana, sama ta bushe ta tsage, ƙasa kuwa caɓal, har da wani wari mai tsami. Ya fasa dunƙulen a hankali ya nuna min saiwar, 'yar guntuwa, ruwan ƙasa-ƙasa, da ya taɓa ta sai ta saɓule. Sannan ya je ya zaro ɗaya daga nasa dashen ya nuna min, saiwa fara tas, da gashi-gashi ta cika ko'ina. Yace kin ga bambanci? Naki ba ƙishi ya kashe su ba, nutsewa suka yi.

Wallahi wannan maganar ta tsaya min. Ashe saiwa ma numfashi take, tana buƙatar iska a cikin ƙasa, in ruwa ya cika duk 'yan ƙofofin da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa sai ta shaƙe ta ruɓe, in ta ruɓe kuma bata iya jan ruwa zuwa ganye, sai ganyen yayi yaushi kamar mai jin ƙishi alhali gindinsa a cikin ruwa yake. Kai kuma da ka ga yaushi sai ka ƙara ruwa. Haka nayi ta yi sati biyu ina ganin taimakonsu nake.

Kuma yace iskar hunturu tana ƙara ruɗa mutane, don tana busar da fuskar ƙasa cikin awa biyu, ka duba kaga fari fat ka ɗauka an bushe, amma in ka tura yatsa gaɓa ɗaya za ka ji danshi. Don haka ido ba ya aiki a nan, yatsa ne ko nauyin gwangwani.

Batun ƙasar kuwa dariya yayi kaɗan, ba ta raini ba, yace wannan ai 'yar uwar karal ce. Waɗanda ba 'yan nan ba, karal ita ce baƙar lakar nan ta filayen Diamare da ake dasa muskuwari a cikinta, wato masakwa, bayan ruwan sama ya ɗauke, tana riƙe ruwa wata da watanni shi yasa dawar ke nuna ba tare da ruwan sama ko ɗigo ba. Yace to ki lura, ko masu muskuwari ba sa zuba irin kai tsaye a karal, sai sun rene shi a wani wuri mai ƙasa sassauƙa tun wajen Agusta da Satumba, in yayi ƙwari sannan su cire su kai karal su huda rami su dasa. Ƙasar da ta dace da babba bata dace da jariri ba. A fili laka tana da inda za ta tura ruwa, a gwangwani kuwa ina za shi?

Ita kuma kwanciyar da suke yi wuya ya tsuke, yace cuta ce ta fumfuna da ke zaune a cikin ƙasa, tana son danshi da ɗumi da wurin da iska bata kaɗawa, wato dai ɗakina sak, taga ɗaya kuma kullum a rufe saboda ƙura. Daga baya ɗan yayata da ke karatun noma ya faɗa min sunayensu, Pythium da Rhizoctonia da Fusarium, yace da Faransanci fonte des semis ake ce wa ciwon, kuma wanda ya riga ya kwanta ba ya tashi, sai dai a cire shi da ƙasar da ke kewaye da shi a ceci sauran. Daidai da abin da Baba ya faɗa, shi dai bai kira sunan boko ba. Kashin awakin da na sa ma ɗanye ne bai ruɓa ba, yana ɗumama ƙasa yana ƙona saiwa yana kuma kiran waɗannan ƙananan baƙaƙen ƙudajen da nake gani suna tashi in na taɓa gwangwani, tsutsarsu a jiƙaƙƙiyar ƙasa take rayuwa tana cin saiwa. Angire kuwa yace tsiron da bai fitar da ganyen gaskiya ba baya buƙatarsa sam, guzurinsa na cikin ƙwayar iri, ganye biyun farko ba ganye bane na gaske, sai na uku da na huɗu masu tsaga-tsaga sun fito ake maganar abinci, shi ma a narke cikin ruwa, tsarara sosai. Ƙwayar angire a ɗan gwangwani gishiri ce kawai, tana janye ruwa daga jikin saiwa.

Duk wannan bayanin kusan minti arba'in, ga masu sayen mangwaro suna jira yaronsa na sallamarsu, kuma bai karɓi ko dala ba a kan bayanin. Ni da bakina na tambaya ko yana sayar da ƙasar da yake amfani da ita.

To ga abin da na saya. Ƙasar reno haɗin hannunsa, rabin buhu jaka ɗaya da rabi na sefa, da tire mai ramuka na roba wanda aka taɓa amfani da shi, ɗari biyar. Bai ɓoye yadda yake haɗa ta ba ko kaɗan, yace in ina da ƙarfi in haɗa da kaina: yashin mayo mai ɗan kauri wanda ake ɗiba in ruwa ya janye, takin shanu da ya shekara ya zama baƙi yana marmashewa ba wari, da ɓuntun shinkafa da ake kawo masa daga wajen Yagwa da Maga inda kamfanin SEMRY ke noman shinkafa, sai ya babbake shi rabi ya zama kamar gawayi amma bai zama toka ba. Ya tankaɗe duka da rariya, ya yayyafa ruwa, ya zuba a rabin tano, wato ganga, a kan wuta ya rufe da buhu har tururi ya ratsa ta wajen rabin awa, wannan ne ke kashe fumfunar da ƙwan ƙwari da irin ciyawa. In ta huce ta kwana biyu sai amfani. Na ga tanon da idona, da baƙin hayaƙi a gindinsa, ba labari bane.

In ka damƙi ƙasar a hannu tana da ɗanshi sai ta dunƙule, kana buɗe hannu ka taɓa ta da yatsa sai ta wargaje. Yace wannan shine gwajin, ko ina kika je sayen ƙasa ki yi shi. In ta zauna kamar ƙwallo laka ta yi yawa, in ta ƙi haɗuwa sam yashi ya yi yawa.

Na dawo gida na wanke tiren da gwangwanayen da ruwan javel mai kashe ƙwayoyin cuta kamar yadda yace, na shanya a rana, kowane gwangwani na masa huda biyar a gindi. Na shuka ranar 2 ga Nuwamba, ƙwaya biyu a kowane rami, zurfin bai kai faɗin farce ba, don da can ina tura iri da yatsa har gaɓa guda, shi yasa ma attarugun farko bai fito ba ƙila ya ruɓe a ciki. Ban ruwa kuma ya canza gaba ɗaya. Maimakon in kwarara daga sama da moɗa, sai in zuba ruwa a babban faranti in ɗora tiren a ciki minti goma zuwa sha biyar, ƙasar ta sha ta ƙasa har naga fuskarta ta yi duhu, in ɗauke in bar shi ya tsane. Da safe kawai, don kada su kwana da jiƙaƙƙen wuya. Wani lokaci kwana biyu ban basu ba, kuma Allah ya sani ranar farko da na hana su ruwa zuciyata bata kwanta ba, sai zuwa nake ina ɗaga tiren ina jin nauyi. Ruwan ma na randa nake ɗiba, yace kar in yi amfani da na bidon, wato jarka, da ya wuni a rana don yana zafi kamar na wanka.

Haske shine abin da ya fi bani wahala. Tsawon da suke yi suna ramewa neman rana ne, hasken taga da mu muke gani kamar ya isa, su bai ishe su ba. Baba yace su fita waje tun ranar da suka fito daga ƙasa, ko awa uku ne na ranar safe. Nace kaji fa Baba, da ƙadangaru? Yace ba ki da tsohon gidan sauro? Shikenan, maigida ya lanƙwasa min sanduna biyu a kan tebur a baranda ta gabas, na lulluɓa tsohon sange, da hantsi in fito dasu, kafin azahar in mayar ɗaki, kuma na riƙa barin taga a buɗe da rana ko da ƙura za ta shigo. A hankali na ƙara musu lokacin waje har suka koma wuni.

Sakamako: rami 50 na tumatir, 46 suka fito, biyu suka kwanta a sati na biyu na cire su da ƙasarsu nan take, sauran ba wanda ya sake faɗuwa. Karan ya yi kauri har da ɗan shuɗi-shuɗi da gashi, gajeru masu ƙarfi. Na rage su ya zama ɗaya a kowane rami, da almakashi na yanke na banza don kada in girgiza saiwar ɗan uwansa. Sati huɗu suna da ganyen gaskiya huɗu zuwa biyar na dasa su da yamma. Attarugu ya ɗauki kusan sati biyu kafin ya leƙo, dama Baba ya gargaɗe ni kar in tona in duba, haka halinsa yake. Salak kuwa wanda ya ƙi fitowa a Oktoba, wannan karon kwana huɗu ya fito, ashe irin salak in ƙasa ta yi zafi sosai barci yake ya ƙi tsira, sai da sanyi ya shigo. Har waɗannan huɗun dogaye da suka tsira daga shukar farko bai bari na zubar ba, yace in binne karan har kusa da ganye, tumatir yana fitar da sabuwar saiwa a jikin kara. Uku sun rayu, yanzu haka suna da 'ya'ya.

Amma fa tunda nace zan faɗi gaskiya, akwai abubuwan da basu min daɗi ba, kuma ina ganin ya kamata wanda zai je ya sani.

Na koma a Disamba don in ƙaro ƙasa saboda kabeji, ban samu Baba ba, yaronsa ne ya auna min. Wannan buhun ba ɗaya yake da na farko ba ko kusa. Yashi ya yi yawa, ruwa na wucewa kamar rariya sai da na koma ban ruwa kullum har sau biyu, kuma kwana biyar sai ga ciyawa ta fito a kusan kowane rami, alamar ba'a dafa ta ba ko kuma an gaggauta. Abin ya min ciwo don kuɗi ɗaya na biya. Da na koma na faɗa masa bai yi musu ba, ya damƙi ƙasar ya duba, ya kira yaron ya masa faɗa a gabana, ya canza min da wata ba tare da ƙarin kuɗi ba. Na ji daɗin hakan, amma kabejin ya riga ya yi asarar sati guda, kuma kuɗin moto zuwa da dawowa ni na biya. Don haka in za ku saya ku tabbata shi ne a wurin, ko ku tambaya kai tsaye an dafa wannan ko ba'a dafa ba, ku kuma yi gwajin damƙa kafin a ɗaure buhu.

Na biyu, ba ya rubuta komai a jikin dashensa. Yana sayar da dashen tumatir da tattasai da yalo wanda ya riga ya isa dasawa, masu kyau ƙwarai, amma in ka tambaya wane iri ne sai yace mai kyau ne, dogo ne ko zagaye ne. Shi ya sani a kansa, amma ni da nake so in san ko Rio Grande ne ko Roma ko wani irin damina kamar Mongal, wannan amsa bata ishe ni ba, don wanda ya dace da sanyi ba lallai ya jure ruwan Agusta ba. Ɗan guntun kwali da biro ai ba wani abu bane. Na faɗa masa, yace to 'yata, amma zuwana na ƙarshe ban ga an yi ba.

Farashin kuma ga wasu zai yi tsada, na sani, mutum zai ce ƙasa ce fa da Allah ya shimfiɗa kyauta a saya jaka ɗaya da rabi? Ni dai da na lissafa sashe biyu na iri da na yi asara da wata guda da ya wuce ni, ban ga tsadarta ba. Kuma rabin buhun ya cika tire da gwangwani ashirin har ya yi saura. In da a lakol ne, wato makaranta, zan ba wajen 16 bisa 20, huɗun da na cire na buhun Disamba ne da rashin rubutu.

Wani abu da ban yarda da shi ba ɗari bisa ɗari shine toka. Yace in barbaɗa toka kaɗan a fuskar ƙasa tana hana cutar wuya. Na gwada a layi ɗaya na bar sauran, ban ga wani bambanci ba, kuma inda hannuna ya yi nauyi ganyen ya ɗan yi rawaya, ɗan yayata yace toka tana da kaifi irin na kanwa, in ta yi yawa a ƙaramin wuri tana hana tsiro cin wasu abubuwan da ke cikin ƙasa. Na daina. Farin gishiri-gishirin da ke fitowa a bakin gwangwani saboda ruwan rijiyarmu kuwa shawararsa ta yi aiki, sati-sati in zuba ruwa ta sama a hankali har ya fita ta gindi sosai ya wanke shi.

Maƙwabciyar tawa da na ambata, jiya da ta kawo nata na kife gwangwanin a gabanta kamar yadda aka min, dunƙulen laka ne jiƙe sharkaf, huda ko ɗaya babu a gindi. Gobe in Allah ya kaimu zan raka ta wajen Baba, ni ma ina so in tambaye shi batun albasa, ko Gudami irin ta mutanen Meskin da ke kusa da Marwa za ta yi a ɗan filina in na fara renon da wuri bana. Wanda zai je ya tafi da safe kafin ƙarfe goma, bayan nan yana fita kai itatuwa, ranar Juma'a kuma da wuri yake tashi. Ku tafi da gwangwanin da ya lalace yadda yake da ƙasarsa, kar ku zare tsiron kar ku wanke saiwar, kar kuma ku ba shi ruwa a ranar don shi nauyin yake fara ji.